Alhamis zuwa Litinin a Suwizalan: magangarar ruwa da dusar ƙanƙara, ta ina za mu fara?

Maman Ilham

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema wurin waɗanda suka san Suwizalan. Maigidana yana da taron aiki a Jeneva tsakiyar watan Yuni, za su tashi ranar Laraba da yamma, ya ce mu biyo shi da yara mu ɗan huta kafin a koma. Jirginmu na komawa daga Zurik zai tashi, Litinin da dare. Biza ta fito, alhamdulillahi.

Buƙata biyu ce. Ilham shekararta goma, tun da ta ji maganar tafiyar nan ta hana ni sakat, ita dai sai ta taɓa dusar ƙanƙara da hannunta. Na ce mata a Yuni zafi ake yi a Turai, ta ɗauko waya ta nuna mini hoton dutse fari fat. Ni kuma ruwan da ke faɗowa daga saman dutse nake son gani, ko minti goma ne in tsaya a gabansa. Ƙaninta shekararsa uku, shi duk inda aka nufa da shi daidai ne.

Ga abin da na tsara: Alhamis Zermatt mu ga Matterhorn, Juma'a Interlaken da Jungfraujoch, Asabar Luzern da Titlis, Lahadi magangarar kogin Rhine, Litinin 'yar sayayya a Zurik. Maigida ya duba taswira ya ce ai ƙasar ƙarama ce, zai yiwu. Ni dai raina bai kwanta ba, balle da na ga kuɗin tikitin hawa duwatsun. Zai yiwu kuwa? In ba zai yiwu ba me zan cire? Hayar mota ya fi ko jirgin ƙasa? Kuma in sayi tikitocin tun yanzu?

Anti Lami

Wa alaikumus salam, Maman Ilham. Zai yiwu mana, in dai burinki ki zagaya tashoshin jirgin ƙasa da akwati a hannu da yaro a goye. Maigida ya yi gaskiya, a taswira ƙasar 'yar mitsitsiya ce, amma duwatsu ne jibge a tsakiyarta, jirgi kuma kewaye su yake yi. Daga Jeneva zuwa Zermatt kaɗai ya kusa awa huɗu. Kafin ku sauke kaya a otal la'asar ta yi, da sassafe kuma ku sake ɗaure su.

Na daɗe a gefen Bern, kuma kusan duk baƙon da ya sauka a gidana da wannan buƙatar yake zuwa, ƙanƙara da ruwa. Abin da nake gaya musu shi zan gaya miki. Ku nemi wuri ɗaya ku ajiye akwatunanku, wurin kuwa kwarin Lauterbrunnen ne. Kada ki yanka wa kowane dutse rana tun daga gida, don a nan gajimare ne ke da ta cewa. Ranar da gari ya waye tangaran ku hau sama. Ranar da aka tashi da hadari ko yayyafi ku bi ruwa, magangara ba ruwanta da gajimare, ruwan sama ma ƙara mata ƙarfi yake yi. In kuna wuri ɗaya sai ku juya ranakun yadda gari ya nuna. In kuwa kun kama otal huɗu a gari huɗu, ranar da kuka iso gindin dutse dole ku hau, ko da farin hazo ne kawai ke jiranku a sama. Na sha ganin mutane sun zuba kuɗi sun tsaya a saman Jungfraujoch ba sa hango wanda ke gabansu da taku goma, su ɗauki hoto a jikin allon suna su sauko.

Hanyar ba wuya. Daga Jeneva ku shiga jirgin Bern, ku canza zuwa Interlaken, duka-duka wajen awa uku. Interlaken tasha biyu gare ta, West da Ost, ku sauka a Ost. Daga nan ƙaramin jirgi ne mai shuɗi da rawaya, minti 20 zuwa Lauterbrunnen. Ki buɗe ido a nan: jirgin rabuwa yake yi biyu a wata tasha mai suna Zweilütschinen, rabi ya nufi Grindelwald, rabi Lauterbrunnen. Ki karanta abin da ke rubuce a jikin taragon kafin ku shiga. Mota kuwa ki cire ta daga lissafi. Wengen da Mürren, ƙauyuka biyun da ke saman kwarin, ba a shiga da mota, Zermatt ma haka, ƙololuwar duwatsun kuma jirgi da motar igiya, wadda ke tafiya a rataye a sama, su ne kawai ke zuwa. Ku biya haya, ku biya wurin ajiyewa, motar tana zaune tana jiranku.

Kwarin nan kogin ƙanƙara, wato tulin ƙanƙara mai gangarowa a hankali daga saman dutse, shi ne ya fafe shi tun zamanin da, shi ya sa cikinsa a shimfiɗe yake, hagu da dama kuma bangon dutse ne a tsaye, ɗaruruwan mita. Duk rafin da ya gangaro daga sama, in ya iso bakin bangon ba shi da hanya sai faɗowa. Magangara 72 ake lissafa wa kwarin. Kuma kun dace da wata. Dusar ƙanƙarar da Ilham take so ta taɓa a sama ita ce ke narkewa ta zama ruwan da kike so ki gani a ƙasa, narkewar kuwa ta fi ƙarfi daga ƙarshen Mayu zuwa Yuni. Wanda ya zo a Satumba bayan an jima ba a yi ruwa ba yakan tarar wasu sun ƙanƙance, wasu ma sun ƙafe.

Ta farko tun daga tasha za ki hango ta, Staubbach, mita 297, tana faɗowa dab da gidajen ƙauyen. Ruwanta ba yawa gare shi ba, kuma saboda tsayin, kafin ya kai ƙasa ya watse ya zama feshi, kamar an sheƙe gari a iska. Tafiyar minti goma ce daga tasha. Akwai matakala a jikin dutsen har zuwa bayan ruwan, ba a biyan komai, amma za ku jiƙe kuma akwai santsi, ki riƙe hannun yaro gam. Da hantsi ta fi kyau, lokacin rana na dukan bangon.

Wadda nake kai baƙo don in ga yadda fuskarsa za ta yi kuwa Trümmelbach ce. Daga waje ba abin da za ki gani, rugugi kawai za ki ji, don a cikin dutse take. Ruwan da ke narkewa daga ƙanƙarar duwatsun Eiger da Mönch da Jungfrau duk nan yake haɗuwa, ya huda dutsen, ya murɗa, ya faɗo hawa goma, in ya cika yakan kai lita 20,000 a daƙiƙa ɗaya. Lifta ce ke hawa da mutane ta cikin dutsen, daga nan sai matakala da lunguna masu fitila. Ƙasa rawa take yi a ƙarƙashin ƙafarki, ko ihu kika yi na kusa da ke da ƙyar zai ji. Ruwan toka-toka ne, don yana tafe da yashi da tsakuwa, an ƙiyasta fiye da tan 20,000 a shekara, su ne suka goge dutsen ya yi sumul. Daga ƙauyen tafiyar ƙafa ce ta wajen minti 45 a shimfiɗaɗɗiyar hanya tsakanin makiyayar shanu, ko ku shiga bas mai launin rawaya da ke zuwa Stechelberg. In kin ga mutum ya faɗo daga saman bango da laima kada ki yi salati da ƙarfi, wasansu ne, wurin ya yi suna a kan haka. Sai dai ga abin da ya shafe ku kai tsaye: ba a barin yaron da bai cika shekara huɗu ba ya shiga Trümmelbach, ko da a goye. Ke da maigida sai ku yi karɓa-karɓa, ɗaya ya zauna da shi a wurin shan shayin da ke bakin ƙofa.

To, maganar Ilham. A tsakiyar Yuni ƙanƙarar ƙananan duwatsu ta tafi ko tana kan tafiya. Wadda za ki iya yi wa yarinya alƙawari da ita sai an haura mita 3,000, inda kogin ƙanƙara yake kwance duk shekara. A gefenku wurin shi ne Jungfraujoch, mita 3,454, tashar jirgin ƙasa mafi bisa a Turai. Hanya biyu ce. Ɗaya daga Lauterbrunnen, jirgi mai haƙora ya bi ta Wengen zuwa Kleine Scheidegg, a canza. Ɗaya daga Grindelwald, motar igiyar da aka buɗe a Disamba 2020, Eiger Express, minti 15 zuwa tashar Eigergletscher, tana ratsawa ta gaban bangon arewa na Eiger. Ku gaya wa mai sayar da tikiti za ku hau ta ɗaya ku sauko ta ɗaya. Ni na fi son hawa ta Wengen, don a hankali ake hawa jiki yana ɗan sabawa, kuma in kin zauna a tagar dama kwarin gaba ɗaya zai buɗe a ƙarƙashinki, har da Staubbach.

Ragowar hanyar kusan duka a cikin dutse take, rami ne na wajen kilomita bakwai da aka haƙa a cikin Eiger da Mönch. Wani attajirin Zurik, Adolf Guyer-Zeller, shi ya fara aikin a 1896, ya mutu a 1899 bai ga ƙarshensa ba, sai ranar 1 ga Agusta 1912 aka buɗe. Yawancin leburorin 'yan Italiya ne, mutum 30 suka rasa ransu a aikin, an kuma rubuta sunayensu a wani lungu a can saman. Jama'a wucewa suke yi da sauri zuwa wurin hoto. Ki tsaya ki nuna wa Ilham, ta kai shekarun da za ta gane.

In kun isa, ku fara da liftar da ke kaiwa dandamalin kallo na Sphinx, mita 3,571. Daga nan za ku ga Aletsch, kogin ƙanƙara mafi girma a tsaunukan Alps, ya miƙe wajen kilomita 20 zuwa kudu. Sannan ki fitar da yarinya fili ta taka dusar, ta dunƙule ta jefi babanta. Akwai kuma kogon da aka fafe a cikin ƙanƙarar kanta ana yawo a ciki. Awa biyu zuwa uku sun isa.

Abin da ba ya fita a hoto shi ne numfashi. Iskar can wajen kashi biyu cikin uku ce ta iskar bakin teku. Matakala goma za ta sa ki haki, wani kansa ya yi ciwo, wani ya ji jiri. Ku yi tafiya a hankali, ku sha ruwa, in abin ya tsananta maganinsa saukowa. Ɗan shekara uku ba ya iya faɗin abin da ke damunsa, sai dai kuka, don haka ki tambayi likitansa kafin ku taso. In likita ya yi ɗari-ɗari, ɗayanku ya tsaya da shi a Kleine Scheidegg, mita 2,061, duwatsun uku suna tsaye a gabansa, ga wurin cin abinci, ba wanda ya yi asara. Sanyi kuma: kowace mita 1,000 da aka hau zafi yana raguwa da wajen digiri shida, to ko kun baro ƙasa da gumi, a sama kusa da sifili za ku tarar, ga iska. Riga a kan riga, jaket mai tare iska, safar hannu, takalmi rufaffe mai kama ƙasa. Baƙin tabarau dole ne ga kowa har yaron, hasken da dusar ke mayarwa yana ƙona ido. Kuma kada ki ce ke baƙa ce rana ba ta cin ki, leɓe da hanci za su ba ki labari washegari.

Tikitin hawa kada ki saye shi tun yanzu. Ki sauke manhajar hasashen yanayi, MeteoSwiss, da ta jiragen ƙasa, SBB Mobile. Akwai kyamarori a saman dutsen da ke nuna halin da ake ciki kai tsaye a intanet, otal-otal da yawa ma suna nuna su a talabijin. Ki duba da dare, ki sake dubawa da asuba, sannan ki saya. A watannin cunkoso sai an kama kujera a jirgin da ke ƙarasa hawa zuwa Jungfraujoch da 'yan kuɗi kaɗan, ki haɗa da ita. Ku ɗauki jirgin safe, gajimare yakan taru ne bayan azahar.

Zermatt ki bar ta sai wani zuwan. Matterhorn ba inda za shi.

Malam Habu

Anti Lami ta gama magana a kan tsari, ba ni da ja. Amma ta bi ta kan kuɗi da gudu, Hajiya kuma kuɗin ne ya hana ranta kwanciya. Tikitin Jungfraujoch zuwa da dawowa daga Interlaken ya haura faran 200 ga babba ɗaya. Faran fa, ba yuro ba, Suwizalan ba ta cikin Tarayyar Turai ko da yake bizar Schengen ce ake shiga da ita. Kati yana aiki kusan ko'ina, in na'ura ta tambaye ki da wane kuɗi za a cira, ki zaɓi faran.

Kati biyu ne baƙi ke saya, kuma mutane suna rikita su. Swiss Travel Pass yana ba ki shiga jirgin ƙasa da bas da jirgin ruwa ba tare da sake yankar tikiti ba, amma a hanyar Jungfraujoch iyakarsa Wengen da Grindelwald, daga nan zuwa sama kashi 25 cikin ɗari kawai yake rage miki. Swiss Half Fare Card kuwa na wata ɗaya ne, yana raba kuɗin kusan kowace tafiya biyu, har da Jungfraujoch. Ga wanda zai zauna wuri ɗaya ya hau dutse mai tsada, na biyun ne ya fi fitowa a lissafina. Ki zauna da biro ki jera tafiye-tafiyenku ki gwada duka biyun. Ko wanne kika saya ki nemi Swiss Family Card, kyauta ake ba da shi, da shi ɗan da bai kai 16 ba yake tafiya kyauta in yana tare da mahaifinsa ko mahaifiyarsa. Ilham ba za ta biya ba ke nan, ƙaninta kuwa da ma ƙasa da shekara shida ba a biya.

Inda na saɓa da Anti: ni da Titlis zan kai yara. Kuɗinsa daga Engelberg wajen rabin na Jungfraujoch ne. Tashar saman mita 3,020 ce, ta fi sauƙi ga ƙaramin yaro, kuma can ma kogin ƙanƙara ne, dusa ba ta ƙarewa. Motar igiyar ƙarshe juyawa take yi tana hawa, kowa ya ga kowane gefe, akwai kuma gadar igiya a saman ga mai ƙarfin zuciya. Sannan a kan hanyarku yake: Interlaken zuwa Luzern ta mashigar Brünig bai kai awa biyu ba, hanya ce mai kyau ƙwarai, tafki bayan tafki, Luzern zuwa Engelberg wajen minti 45. Ku kwana Luzern ranar Lahadi, Zurik na kusa.

Maman Ilham

Kai, Allah ya saka da alheri Anti, Malam Habu na gode. Da ban tambaya ba da mun je ƙofar Trümmelbach an juyo da mu. Sauran tambaya uku. Ina sa niƙabi, na ji an ce akwai wata doka, gaskiya ne? Abinci fa, yaya za mu yi? Sannan in mun gama Staubbach da Trümmelbach a yini ɗaya, gari kuma bai buɗe ba, me za mu yi da sauran ranar?

Anti Lami

Gaskiya ne, ƙanwata, gara ki ji tun daga gida. An kaɗa ƙuri'a a kai a Maris 2021, dokar kuma ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2025: ba a rufe fuska a bainar jama'a a duk faɗin ƙasar, baƙo da ɗan gari duk ɗaya. Tara tana farawa daga faran 100, tana iya kaiwa 1,000. An keɓe wuraren ibada, da rufewa don rashin lafiya ko tsananin sanyi. Hijabi da abaya ba wanda zai tanka miki, Interlaken cike take da Larabawan yankin Gulf a wannan lokacin. Fuska ce kawai maganar. Ku zauna da maigida ku yanke shawara kafin ku biya kuɗin otal.

Waɗannan baƙin Larabawa su ne suka sa abincin halal bai yi wuya a Interlaken ba, akwai na Turkawa da na Indiya da na Labanan. A Lauterbrunnen da Wengen zaɓi kaɗan ne, shi ya sa nake cewa ku kama gida mai kicin maimakon ɗakin otal, ku yi cefane a manyan kantunan Coop ko Migros. Migros ba ya sayar da giya, tsohuwar ƙa'idar wanda ya kafa shi ce, har a 2022 aka sake tambayar membobinsa suka ce a bar ta yadda take. Ki yi cefanen Lahadi tun Asabar, yawancin kantuna a rufe suke ranar Lahadi in ban da na manyan tashoshi da 'yan kaɗan a wuraren baƙi. Abincin gargajiyarsu biyu ki yi tambaya kafin a kawo: narkakken cukun da ake tsoma burodi a ciki, fondue, da giya ake dafa shi, rösti kuma dankali ne gurzajje soyayye, lafiya lau, amma sau da yawa ana barbaɗa masa naman alade. Ki ce a yi miki da ƙwai ko cuku kawai. Ruwa kada ki saya. Na famfo da na maɓuɓɓugan da ke kan titi ana sha, sai inda aka rubuta Kein Trinkwasser, wato ba ruwan sha ba ne.

Ba ki tambayi salla ba amma zan faɗa, don tana ba baƙi mamaki. A Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen tara da minti ashirin na dare, asuba kuma tun wajen ƙarfe uku, gwargwadon lissafin da kike bi. Ku matafiya ne, kuna da sauƙin ƙasaru da haɗawa. Amfanin dogon yinin shi ne ƙarfe bakwai na yamma kina iya fita yawo da haske tar.

Ranar da gari ya ƙi buɗewa ku tafi magangarar Giessbach. Daga Interlaken Ost ku shiga jirgin ruwa a tafkin Brienz, wajen awa ɗaya. Tafkin kore-shuɗi ne, niƙaƙƙen garin dutsen da ƙanƙara ke turowa ne ke ba shi wannan launi, ko da hadari launin yana nan. Daga inda jirgi ya tsaya akwai ɗan jirgin igiya da aka gina tun 1879 yana hawa zuwa wani tsohon otal, a gabansa kuma ruwan yana gangarowa hawa 14 a cikin kurmi. Hanyar ƙafa tana bi ta bayan ruwan a wani wuri, nan kuma ba a hana yaro. Ita ce ma na fi zato za ta ba ki minti goman da kika ce, don akwai benci, kuma ba turereniya irin ta Staubbach. In da sauran lokaci wata rana, ku je ƙarshen kwarin a Stechelberg, Mürrenbach tana can, mita 417, ta fi Staubbach tsayi amma da jikin dutse take bi, ba ta kai ta kyau ba a idona. Daga nan motar igiya tana hawa Mürren a 'yan mintoci.

Malam Habu, lissafinka na kati daidai ne, kuma Titlis wuri ne mai kyau. Abin da ya hana ni sa shi a gaba shi ne rana ɗaya tak yake ba su, Lahadi. In Lahadin ta zo da hazo shi ke nan, yarinya ta koma gida da kuka. A Lauterbrunnen suna da Juma'a da Asabar da safiyar Lahadi su zaɓa. Amma na yarda a ajiye shi a gefe: in Asabar ta wuce gari bai buɗe ba, kuma hasashe ya nuna gefen Luzern zai fi haske, su tafi can.

Injiniya Sani

Ranki ya daɗe, kada ki cire magangarar Rhine, ki mayar da ita safiyar Litinin a madadin sayayya, tunda jirginku na dare ne. Ku kulle akwatuna a ma'ajiyar tashar Zurik, tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba, kusa da Schaffhausen take.

Ita ba tsayi gare ta ba, mita 23 ce kawai, faɗi ne da yawan ruwa. Faɗinta mita 150, kuma a watannin zafi wajen lita 600,000 ke wucewa a daƙiƙa ɗaya, a hunturu ya sauka zuwa wajen 250,000. Ki gwada da Trümmelbach da Anti ta ce ƙasa na rawa: wannan ta ninka ta sau 30. Dalilin samuwarta shi ne a ƙarshen zamanin ƙanƙara, shekara wajen 15,000 da suka wuce, kogin ya bar tsohuwar hanyarsa ya hau kan dutse mai tauri, inda ya koma tsohuwar hanyar mai laushi sai ya cinye ta ya bar tudu. Tasha biyu ce. Neuhausen Rheinfall tana gefen da ake kallo kyauta, daga nan kuma ƙananan jiragen ruwa ke kai mutane dutsen da ke tsakiyar ruwan. Schloss Laufen am Rheinfall tana ɗaya gefen, ana biyan 'yan kuɗi, amma dandamalin yana dab da ruwan har feshi na dukan fuska, akwai lifta kuma ga mai keken yaro. Da ɗan shekara uku ni gefen Laufen zan bi, in bar hawan dutsen tsakiya, matakalarsa a tsaye take kuma matsattsiya.

Ƙari ɗaya a kan duwatsun. In kun ga an rufe hanyar ƙafa da igiya ko allo, kada maigida ya ce bari mu ɗan leƙa. Ƙanƙarar da ke saman duwatsun Suwizalan tana narkewa da sauri, a 2022 da 2023 kaɗai ta rasa kashi goma cikin ɗari na yawanta, duwatsun da take riƙe da su kuma suna saki. Ranar 28 ga Mayu 2025 wani kogin ƙanƙara ya ɓalle ya binne ƙauyen Blatten, a kwarin Lötschental da ke bayan tsaunukan Lauterbrunnen ta kudu. An kwashe mutanen ƙauyen, wajen 300, kwanaki kafin abin ya faru, don ana sa ido a kan dutsen. Hanyoyi masu allon rawaya zalla su ne na iyali, masu fenti fari-ja-fari na hawan dutse ne. Lambar jirgin ceto mai saukar ungulu 1414 ce, ki duba ko inshorar tafiyarku ta haɗa da shi.

Maman Ilham

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na soke Zermatt, mun sami gida mai kicin a Wengen daga Alhamis zuwa Lahadi, sai kwana ɗaya a Luzern. Maganar niƙabi mun tattauna, zan tafi da hijabi. Likitan yaro sai jibi za mu gan shi. Anti, keken yaro fa, yana shiga jirgin Wengen ko in zo da zanen goyo kawai?